Kawu Cindo, Mutumin da Ya Shuka Ciyawa

Wai don Allah kun taɓa jin inda aka ƙwace wa mutum sana'arsa saboda ya hana saniya cin ciyawa? To a garinmu an yi, kuma wallahi ba nan abin ya tsaya ba, ku dai daure ku karanta har ƙasa.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari, sunansa kam ba zan faɗa ba kar a biyo ni gida. Mutumin sunansa Cindo, mu Kawu Cindo muke ce masa, danga ce kawai tsakanin gidanmu da nasa, ko tari ya yi muna ji. Da yatsa shida aka haife shi a hannun hagu shi ya sa sunan ya bi shi, sunansa na yanka ma ban san wanda ya riƙe ba. Dogo ne siriri, malafarsa ta sha rana har ta koma baƙa, in yana tafiya kansa a sunkuye kamar ya yar da wani abu, ashe ciyawa yake dubawa.

Aikinsa kiwon gari. Mu ba Fulani ba ne, manoma ne, amma kusan kowane gida akwai saniya ko ɗan sa da ake ajiyewa saboda ranar buƙata, kuma ba mai lokacin bin su daji ana fama da gona. To da safe kowa sai ya kwance tasa ya koro bakin rijiya, Kawu Cindo ya tattara ya yi gaba, da yamma ya dawo da su kowacce ta san ƙofar gidansu. Ba kuɗi ake ba shi ba. In kaka ta yi kowane gida ya kai masa damin gero gwargwadon dabbobinsa, da shi suke ci shi da matarsa Inna Zinariya har wata kakar ta zagayo. Gona ba shi da ita, ubansa bai bar masa ba, sandar kiwo ya bar masa, don shi ma aikin da ya yi ke nan har ya mutu. 'Ya ɗaya Allah ya raya musu, tana aure can Gagarawa Tasha, ita ma da nata fama.

Ba zan ce muku mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Bakinsa da kaifi, gaisuwa ma a taƙaice yake amsawa, amma da shanu sai ya wuni yana hira, kowacce da sunan da ya raɗa mata, akwai wata jar karsana da yake ce wa Hajiya wai don ba ta son rana. Mu yara kuwa mun sha tsumagiyarsa, mata ma ya sha ƙwace musu lauje ya jefa kan bishiya. Duk kuma a kan abu ɗaya ne, Kwarin Dushe.

Bari in gaya muku yadda abin yake. Dajin kiwon da ya rage mana wuri biyu ne, gonaki sun cinye sauran. Akwai Tudu, jigawa ce ciyawarta gajera, sai Kwarin Dushe can arewa da gari inda ruwa ke kwanciya, nan ne gamba da kyasuwa da harkiya ke tashi har su shanye mutum. To shi Kawu Cindo duk damina Tudu yake kai shanu da gefen burtali, Kwari kuwa sai ya yayyaga tsumma ya ɗaɗɗaure a jikin itatuwan dushe ya kewaye shi, ma'ana an rufe. Ba saniya, ba akuya, ba mai lauje. Sai ciyawar ta yi kai ta bushe ta zubar da irinta ƙasa, shanu kuma sun gama cin karan gonaki bayan kaka, sannan ya kamo kan ciyawar ya murza a tafin hannu, in ya ga ba komai ciki sai ya kwance tsumman gefe ɗaya. Haka zai yi ta buɗewa gefe gefe har bazara ta wuce ruwa ya sauka. Shi ya sa lokacin da shanun wasu garuruwan ke cin leda a bola namu suna da abin taunawa. Abin da ya roƙi garin nan ke nan duk rayuwarsa, a bar Kwari ya zubar da iri. Mutane ba sa so amma sun saba, a ja tsaki a ce halin Cindo ne.

Sai ga shekarar da aka rufe boda tsakaninmu da Nijar, ana tsakiyar damina. Shanun da ke shigowa Maigatari daga can suka yi ƙaranci, 'yan kudu masu tirela kuwa ba su fasa zuwa ba. Duk wanda ya je kasuwa ran Alhamis sai ya dawo yana riƙe baki, wai ɗan bijimin da a da ba a kallo yanzu rububinsa ake, in dai da nama a jikinsa. To namu lafiyarsu ƙalau amma ba su yi irin ƙibar da mai saye ke so ba, ga Kwari can ya yi shar kamar an shuka shinkafa, iska na kaɗa shi, kowa na gani in zai tafi gona.

Akwai Alhaji Rufa'i, dillalin shanu ne a Maigatari, shi ya fi kowa dabbobi a garinmu. Wata safiya ya zo bakin rijiya da kansa ana tara shanu, mutane cike.

Ya ce, "Cindo, yau ina za a kai su?"

"Inda aka kai su jiya, Alhaji."

"Tudun da ko zomo ya shiga ana hango kunnensa? Ga abinci can Allah ya dafa ya ajiye, kai ka tsaya bakin tukunya da sanda."

"Bai nuna ba."

"Ciyawar ce ba ta nuna ba? Tuwo za mu tuƙa da ita?"

Aka kwashe da dariya. Kawu Cindo bai yi ba, ya ce, "Yanzu take fitar da kai. In suka cinye kan me zai faɗi ƙasa? Ku ba ni zuwa a yanke gero."

"Zuwa a yanke gero an buɗe boda Buzaye sun cika kara da shanu, ni in sayar wa wa? In sayar maka?"

"Kai ka sayar ka huta, Alhaji. Adda Ummi fa da saniyarta ɗaya, ranar da bazara ta tsaya me za ta ba ta? Hularka?"

Adda Ummi wata tsohuwa ce mijinta ya rasu, nonon saniyar nan take sayarwa ta ci. Aka sake dariya amma wannan karon Alhaji aka yi wa, na ga ya taɓa hular tasa ya gyara ta, ya tafi. Kafin sati ya zagayo magana ta cika gari, wai Cindo ajiye wa Fulanin Damagaram Kwari yake suna ba shi sefa, kuɗin Nijar, a ɓoye. Mutumin da takalminsa na tayar mota ne, shi ma ɗaya ya tsinke ya ɗaure da waya.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka kira shi ƙofar Bulama, wato mai garinmu. Bulama ya ce, "Malam Cindo, jama'a sun yi magana. Shanu nasu ne, daji na Allah ne. Je ka kwance tsummanka."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna ba zai kwance ba. In wani zai kwance ga hanya nan."

"To kawo sandar."

Bai miƙa ba. Sai Zayyad ɗan Alhaji Rufa'i, saurayi ne mai babur, ya taso ya kama sandar ya ja, tsohon ya riƙe, ya fizga har Kawu Cindo ya durƙusa a kan gwiwa, malafar ta faɗi wani yaro ya yi ƙwallo da ita. Da ya miƙe sai ya buɗe hannun nan nasa na hagu mai yatsa shida ya ɗaga wa jama'a, ya ce, "Kun ga tafin nan? Haka Kwari zai koma. Ko gashi ɗaya ba za ku gani ba." Fushi ne ya sa shi, kowa ya san fushi ne, amma mutane sun ajiye maganar.

Washegari Zayyad ya zama mai kiwon gari, a kan babur ma yake korar su yana hon. Aka tura shanu Kwari gaba ɗaya. Ba namu kaɗai ba, Alhaji ya sa aka yi ta sauke masa bijiman abokansa na Gumel a babbar mota, wai su ma su ɗan murmure kafin kasuwa. Suka ci na ci suka tattake na tattakewa cikin taɓo. Mata suka shiga da lauje, samari da amalanke suna kaiwa Maigatari suna sayar wa masu turke. Da ta ƙare a tsaye aka koma yayi, a sa manjagara a kankare ƙasa har sai yashi ya fito, ko tsinke ba a bari.

Kuma gaskiya ita ce shanun sun yi ƙiba. Sun yi har suna sheƙi. Aka loda su tirela aka yi kudu da su, gari ya ga abin da bai taɓa gani ba, wannan ya yi rufin kwano, wannan ya sayi babur, wannan ya aurar da 'ya'ya har da kujeru. In za a wuce ƙofar Kawu Cindo sai a ɗaga murya a ce, "Sarkin ciyawa, ya hutu?" Da kaka ta yi duk damin geron gidan su Zayyad aka kai, alhali rabin daminar tsohon nan ne ya bi shanun cikin ruwa. Adda Ummi ce kawai ta kai masa ɗan abin da ta samu a ƙwarya, sai innarmu da ke miƙa tuwo ta kan danga in babanmu ba ya nan. Inna Zinariya ta koma yi wa mutane surfe da daka ana ba ta tsaki da dusa.

Sai bazara ta zo. Masu bijimai sun sayar sun huta, waɗanda suka rage masu saniya ɗaya ne ko biyu, irin waɗanda ba sa sayarwa don ita ce bankinsu ita ce nononsu. Zayyad zai kora su Kwari su tsaya cikin rana suna lasar ƙasa, shi yana gindin dushe yana danna waya. Suka fara cin leda da tsumma da kwali. Da safe sai an taru an kama saniya wani kai wani wutsiya an ɗaga ta kafin ta tsaya. Ta Adda Ummi ta kwanta ba ta ƙara tashi ba, da ƙyar aka samu aka sa mata wuƙa, mahauci ya buɗe cikinta ya yi ta zaro leda kamar mai zare igiya daga rijiya. Hajiya ma, jar karsanar nan, a bakin rijiya ta mutu, Kawu Cindo na leƙowa ta danga bai fito ba.

Aka ce to ruwa na zuwa komai zai dawo. Ruwa ya sauka sosai, Kwari ya yi kore, mutane suka fara murna, da aka je kusa ashe garmani ne da tafasa, abin da saniya ke sunsunawa ta kau da kai. Gamba babu, kyasuwa babu, sai ɗai ɗai can a gindin ƙaya.

Kuna tsammani an je an ba shi haƙuri ko? Ni ma haka na zata. Ba wanda ya je. Wasu suka ce ruwan ne ya zo da ƙarfi, wasu suka ce zamani ne, aka bar maganar.

Shi kuwa tun da kakar bayan wannan daminar ta shigo ya ɗauki wani sabon aiki. Kullum da buhu a kafaɗa, yana bin gefen titin Gumel da bakin maƙabarta da duk inda dabba ba ta kai baki ba, yana zage kan ciyawa yana zubawa ciki. Har tsallaken boda ya je da ƙafa, ya dawo ƙarangiya ta cika masa wando. Inna Zinariya ta ce masa, ina ji ta danga, "Malam, mutane na tara gero kai kana tara abin da tsuntsu ma ya raina."

Ya ce, "Tsuntsun bai raina ba, shi nake tsoro ma."

Saboda tsuntsun da tururuwa da iska, sai ya riƙa kwaɓa irin da kashin shanu da 'yar laka yana cuccurawa kamar dawon fura, yana shanyawa a kan rufin ɗaki. Duk rani abin da ya yi ke nan, gidansu har wari yake. Da bazara ta zo ƙarshe aka fara ganin hadari a gabas, sai ya riƙa fita da sassafe da buhu da sungumi, ya je Kwari ya sara rami ya jefa curi ɗaya ya rufe da ƙafa, ya matsa gaba ya sake. Kuma shi mutum ne da in yana aiki bakinsa ba ya shiru, irin gunagunin nan da yake yi wa shanu, yanzu ba shanun sai yake yi wa ramin.

Mata masu itace ne suka gan shi. Kafin azahar an gama da shi a gari. Wai Cindo na binne abu a Kwari yana tofi, wai ashe tun ranar da aka karɓi sandar yake yi shi ya sa dajin ya mutu, wai kun manta ya ɗaga hannun nan ya ce zai koma kamar tafinsa? Ga shi ya koma. Wata ta ce ai dama mai yatsa shida ba a banza yake ba. Har Adda Ummi, wadda ya tsaya wa gaban Alhaji, aka je aka ce mata shi ya kashe mata saniya, ta zauna tana kuka tana cewa me ta yi masa.

Washegari da hantsi gari ya fita, maza da fartanya, mata da yara a baya, Bulama a kan babur ɗin Zayyad. Suka same shi tsugune a tsakiyar Kwari buhu a gefensa. Zayyad ya tona rami ɗaya da ƙafa ya ɗauko curin da bakin fartanya, ya ƙi taɓawa da hannu, ya ɗaga sama, mata suka ja da baya suna a'uziyya.

Bulama ya ce, "Malam Cindo, mene ne wannan?"

"Iri ne, ranka ya daɗe."

"Irin me?"

"Gamba da kyasuwa. Akwai harkiya kaɗan."

Sai Alhaji Rufa'i ya fashe da dariya, kowa ya bi. Ya ce, "Jama'a kun ji. Ciyawa yake shukawa. Tun kakanninmu muke durƙushe a gona muna kashe ciyawa, bayanmu ya karye a kanta, kullum muka juya ta fito ba wanda ya gayyace ta, yau Cindo ya ce shuka ta ake. Wa ya taɓa shuka ciyawa? Ko ƙaryar ma ka nemi mai kama da gaskiya mana."

Wallahi maganar ta shiga mutane, don duk manoma ne, a kansu ciyawa abu ce da ke fitowa da kanta, ba ta da iri ba ta da mai shi. In mutum ya ce shuka ta yake to lalle akwai abin da yake ɓoyewa.

Kawu Cindo ya ce, "Fasa ka gani."

Zayyad ya daka curin da fartanya ya watse, ga kashin shanu ga wasu 'yan gasu gasu farare na jikin irin. Wani ya ce, "Gashi ne. Gashin wutsiyar shanunmu ne ya haɗa." Shi ke nan kuma ba mai jin wani.

Inna Zinariya ta kutso cikin maza mayafinta a hannu, ta durƙusa gaban Bulama ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauki ɗaya a sa a kasko a zuba ruwa, a ajiye a gidanka ba a namu ba. In bai tsiro ba ku yi mana duk abin da kuka ga dama."

Alhaji ya ce, "A kai asiri gidan Bulama a ba shi ruwa ya tashi? Baiwar Allah koma gida."

Aka sa Kawu Cindo gaba, wai shi ya san inda ya binne, ya nuna. Ya ƙi. To ai ramukan a jere suke, sawun sungumi a fili, aka bazu ana tonowa. Da yake ba mai son taɓawa da hannu shi aka tilasta wa tsincewa, ya tara a gaban rigarsa ya kai inda ake tarawa ya zube ya koma, rana ta take, tsoho yana kai da kawowa yara na bin sa suna waƙa, mai shukar ciyawa, mai shukar ciyawa. In ya tsaya Zayyad ya zungure shi da sandar nan da tsohon ya gada wajen ubansa. Aka haɗa da na cikin buhu da wanda ya rage a kan rufin ɗakinsu, aka tula kara a kai aka zuba fetur aka ƙyasta. Kashin shanu busasshe kun san yadda yake ci, a hankali, hayaƙi fari. Sai da ya zama toka aka watse, Bulama ya ce daga yau kar ƙafarsa ta sake taka Kwari, kuma albarkacin tsufa ne ya sa ba a kore shi daga gari ba.

Daga nan ba mai ba Inna Zinariya surfe, wai kar ta sa musu wani abu a hatsi. Innarmu ma babanmu ya gane ya hana.

Da ruwa ya zauna sai ga wani alhaji daga Gumel a mota, ya shiga wajen Bulama ya fito. Aka ce tunda Kwari ya mutu ba ya amfanar kowa an ba shi ya noma riɗi. Ba wanda ya yi musu, don lokacin kiwon garin ma ya mutu, 'yan shanun da suka rage a turke suke a gida ana saya musu dusa da tsada, masu ƙaramin ƙarfi duk sun sayar. Zayyad ya jefar da sanda ya zama mai kula da gonar alhajin. Shi riɗi sai damina ta yi nisa ake shuka shi, kafin nan sai an yi feshi an kashe duk abin da ya fito, sai aka shiga neman 'yan ƙwadago masu goya tanki, ana biyansu da awon gero.

Lokacin gidan Kawu Cindo an kai inda hayaƙi ba ya tashi, Inna Zinariya na kwance zazzaɓi, tafasa suke dafawa su ci da gishiri. Zayyad da kansa ya tsaya ƙofar gidan bai ko kashe babur ba, ya ce, "Baba Cindo, fito ga aiki. Ai duk garin nan ba wanda ya kai ka sanin inda ciyawa take. Na roƙar maka Bulama, yau an yarda ka shiga." Abokansa na baya suna ƙunshe dariya.

Ya fito. Ya goya tankin.

Yayana na cikin masu feshin ranar, shi ya ba ni wannan. Ya ce sun jeru suna tafiya suna fesawa, garmani da tafasa ne ko'ina, har suka kai can ƙarshen Kwari ta arewa bayan wani suri inda dushe suka yi duhu. Sai kowa ya tsaya. Ashe akwai layin da ba a gani ba ranar tono. Ga gamba ga kyasuwa sun fito kore shar, tsubi tsubi, kowane tsubi zagaye kamar an kifa ƙoƙo, a jere tiryan tiryan da tazarar takun mutum, yadda duk wanda ya taɓa riƙe sungumi ya san hannu ne ya yi. Can wani ya ce ƙasa ƙasa, "Ashe da gaske shukawa yake." Wani ya ce, "Ko kuma abin ne ya tsiro." Aka bar ta a haka.

Kawu Cindo ya tsuguna da tankin a bayansa ya shafa tsubi ɗaya. Ya ɗago ya ce wa Zayyad, kuma yayana ya ce bai taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba, "Ɗan nan, nan garma ba za ta shiga ba, ga suri ga saiwa. Bar min layin nan zuwa kaka in zage kan, ba zai taɓa riɗinku ba."

Zayyad ya ce, "Alhaji mai gona ya ce ko tsinke kar a bari."

"Ba zai zo nan ba. Ko ya zo ka ce ni ne."

"Baba Cindo, layin nan a gabanka ya faɗo, naka ne. In za ka fesa fesa, in ba za ka fesa ba sauke tanki ka kama hanya, amma ka san yau ba awo. Ka je ka gaya wa Inna ciyawa ta cinye tuwon."

Yayana ya ce shi da wani suka ce a bari su su fesa, Zayyad ya ce duk wanda ya matsa shi ma ya sauke nasa. Tsohon ya daɗe tsugune. Sannan ya dafa suri ya miƙe, ya kama hannun famfon ya buga, ya bi layin nan tsubi bayan tsubi, bai tsallake ko ɗaya ba, bai yi sauri ba, kowanne sai da ya jiƙa shi sosai yadda aka ce a yi. Bakinsa shiru. Da ya kai ƙarshe ya juyo ya shiga sahu aka ci gaba da aiki har la'asar.

Da yamma ya shigo da gero a leda, Inna Zinariya ta lallaɓa ta tashi ta daka, muka ga hayaƙi ta kan danga. Ina jin shi yana ta wanke hannu a bayan ɗaki, ya wanke ya sake wankewa har ta ce masa ruwan sayensa ake. Ya ci tuwon. Bayan 'yan kwanaki layin ya yi rawaya ya kwanta, aka sa garma. Riɗin ya yi kyau ƙwarai, har hoto ake zuwa ɗauka.

Yanzu Kawu Cindo igiya yake tufkawa da zaren tsohon buhu, ran Alhamis ya kai kara a Maigatari ya zauna can gefen da ake loda tirela, masu sayen shanu su taya a wulaƙance ya sallama. Inna Zinariya ta warke amma har yau ba mai ba ta daka. Shi ƙafarsa ƙalau, idonsa ƙalau, zai iya wuni yana tafiya, kuma ba ya cin abin kowa, faɗa ne dai da shi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, ku sa a gurup ɗin garinku, ku tura wa 'yan Gagarawa da Gumel da na tsallake, ko Allah zai sa ya faɗa hannun wani mai shanu ko wani gari da dajinsu bai ƙare ba suna neman mai kiwo. In an je kara a tambayi mai igiya mai yatsa shida, kowa zai nuna shi. Kar ku karanta ku wuce, ku tura.